Lezar ruwan ɗorawa a naira 30,000: in tura kuɗin ko in dakata?

Malamin Kimiyya, Gesse:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a bari in kai aya kafin a fara yi mini dariya. Waɗanda suka san ni sun san ina da ciwon tara 'yan tocilan ɗin nan na leza, irin waɗanda ake nuni da su a allo. Da ja mai lamba 650 na fara, don in nuna wa ɗalibai yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa. Sai kore 532, sai shunayya 405, bara kuma na samu shuɗi 450. Su huɗu suna cikin gwangwanin biskit a saman durowa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Wanda ya hana ni sakat shi ne ruwan ɗorawa. Shekara biyu ina nema, ko'ina na leƙa sai in tarar da farashi na ɗaruruwan daloli, in rufe waya in yi shiru.

To jiya da dare sai ga wani shafi a Facebook. Mai shi ya ce shagonsa na Kano, yana sayar da caja da fawa banki da tocila. Ya sa hoton leza ruwan ɗorawa shar, ya rubuta 589, ƙarfin haskenta miliwat 50, naira 30,000. Ya ce saura biyu, in tura kuɗi duka, shi kuma ya ba direba a tasha. Ban taɓa jin sunansa ba. Akwai wanda ya taɓa ciniki da irin waɗannan?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam, dubu talatin a kan tocilan da ba ta haska ɗaki? Uwargida ta san da wannan zancen kuwa?

Malamin Kimiyya, Gesse:
Hajiya, ai shi ya sa na kawo maganar nan ban kai ta gida ba.

Mai Gyaran Waya:
Malam, ni ban san leza ba, amma na san masu "saura biyu". Kullum saura biyu ne, ko ka dawo bayan Sallah. Kafin ka tura ko sisi, shiga shafin nasa ka duba wurin bayanin shafi, Facebook na nuna ranar da aka buɗe shi da kuma ko an taɓa canja masa suna. In ka ga watan jiya sunansa na sayar da atamfa ne, ka gane. Sannan ka ce ya turo lambar asusu, ka sa a wayarka ka ga sunan da zai fito, kada ka tura. Idan sunan shago daban, sunan mai magana da kai daban, sunan asusu kuma na wata mace ce can daban, to ka ja da baya. Hoton ma ka saka shi a Google Lens. Rabin hotunan nan daga shafukan 'yan China ake kwaso su.

Abin da ya fi duka sauƙi: ya rubuta sunanka da kwanan watan yau a takarda, ya haska lezar a kanta, ya yi maka bidiyo. Mai kaya a hannu ba ya jin nauyin wannan.

Ɗan Kasuwar Jega:
Ku dai kun cika zargi. Ba duk wanda ba ku sani ba ne ɓarawo. Ni nan kaya nake turawa Yauri da Zuru da Kamba, mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba, su turo kuɗi in ba direba, shekara da shekaru ba a taɓa jin kanmu ba. Kuma kayan China haka suke, abin da ke tsada bana baɗi ya zama na banza. Wa ya zaci za a sayi fitilar sola a farashin da ake saye yanzu? Wataƙila yaron ya samu hanya ne kawai.

Ɗalibin Aliero:
Alhaji, da girmanka, a nan kam farashin ne ya tona asiri. Bari in ɗan yi bayani, Malam ya gyara mini in na kauce.

Lambobin nan da Malam ke kira, 650 da 532 da sauransu, tsawon zangon hasken ne a ma'aunin nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Idon mutum na gani daga wajen 400 zuwa wajen 700. Ja da shunayya da shuɗi suna da araha saboda ɗan ƙwan da ake kira dayod shi ke fitar da launin kai tsaye, kuma masana'antu na buga shi da miliyoyi don wata buƙata daban. Ja 650 na cikin na'urar DVD. Shunayya 405 na Blu-ray ne. Shuɗin nan mai ƙarfi kuwa ya cika duniya ne daga 2010, lokacin da Casio ta fitar da majigi mai ɗauke da su a jere, masu sha'awa suka riƙa saye suna farkewa suna cire ƙwayayen.

Kore 532 ya fi su wahala. A cikinsa akwai dayod mai 808 da ido da ƙyar yake ganinsa, yana haska wani ɗan dutsen kiristal, shi kuma ya fitar da 1064, sai wani kiristal na biyu ya raba wannan zango biyu ya koma 532. Yawan da ake kerawa ne ya karya masa farashi.

Ruwan ɗorawa fa? Babu dayod mai araha da ke ba da shi. Dole kiristal ɗin ya fitar da haske iri biyu a lokaci guda, 1064 da 1319, a haɗe su a kiristal na biyu kafin a samu 589. Ɗan'uwansa 593.5 kuma daga 1064 da 1342 yake fitowa. Saitin yana da laushi ƙwarai, abin da ke fita kaɗan ne, masu saye ma kaɗan ne. Don haka miliwat 50 na 589 a naira 30,000 kamar a ce maka ga ingarman doki a kuɗin ɗan akuya ne.

Ɗan Kasuwar Jega:
To in ba shi ba ne, me ke cikin hoton? Ai ni ma na gani, rawaya ce.

Ɗalibin Aliero:
Ko dai hoton wani ne, ko an taɓa launin, ko kuma ja da kore aka haɗa a bututu ɗaya. Ido ba ya bambance rawaya ta asali da ja da kore in sun hau kan juna. Allon wayar da ke hannunka ma haka yake yi maka, ba shi da ƙwan rawaya ko ɗaya.

Dattijon Argungu:
Yaro ya yi karatu, Allah shi ƙara basira. Ni wanga launi na san shi tun ba a haifi da yawanku ba. Fitilun titi na da, waɗanda in anka kunna su suka fara da ja-ja kana su koma ruwan ɗorawa, har rigar mutum fara ta koma kamar an tsoma ta a miyar taushe, to sodiyam ne a cikinsu, kuma 589 ɗin nan shi ne launin sodiyam. Malam, in ɗalibai kake son su gani, ba sai ka kashe ko kwabo ba. Kunna risho na gas, ka kashe fitila, ka ɗebi gishiri da yatsa biyu ka barbaɗa bisa harshen wutar. Shuɗiyar wuta za ta yi tsalle ta koma rawaya. Shi ke nan ka ga 589 da idonka. Jikokina na yi ma wa, sunka ce tsafi ne.

Malamin Kimiyya, Gesse:
Baba, Allah ya ƙara girma. Gwajin gishiri duk shekara ina yi wa 'yan aji biyu. Amma wutar gishiri ba ta tafiya a miƙe kamar zare. Abin da ke burge ni ke nan. Masu binciken taurari a Hawaii da Chile irin wannan launin suke harbawa sama, ya je ya taɓa wani shimfiɗin sodiyam da ke wajen kilomita 90 daga ƙasa, ya yi musu tauraron ƙarya da suke saita madubinsu da shi. Ni dai in riƙe ƙanin wannan a hannuna, ko na miliwat 1 ne.

Maman 'Yan Biyu:
Ikon Allah. Mutane na neman kuɗin taki, Malam na neman tauraron ƙarya.

Mai Kiwon Tattabaru:
Hajiya, a bar Malam ya sha iska. Ni na taɓa ba da kuɗin buhun shinkafa a kan tattabara guda saboda launin wuyanta. Wanda ba ya kiwo ba zai gane ba. Malam, bayan rawaya akwai sauran da kake nema?

Malamin Kimiyya, Gesse:
Kai, kada ka tayar mini da tsohon ciwo. Akwai 473, shuɗi mai haske kamar sararin sama bayan ruwa. Akwai 488 da ke tsakanin shuɗi da kore, wanda a da sai a babbar na'urar gas ta argon ake samu, yanzu kuwa an yi dayod ɗinsa, ya sauko. Akwai 561, kore mai ɗaukar rawaya kamar ɗanyen lemun tsami. Ja kansa ba ɗaya ba ne, 635 ya fi 650 haske a ido nesa ba kusa ba ko da ƙarfinsu ɗaya. Asalin lezar farko ma ja ce, 694, wadda Theodore Maiman ya kunna a Amurka a 1960 da dutsen yakutu. In ka jera su a farin bango ka kashe fitila, wallahi kamar zaren rini a bakin marina.

Anti Nas:
Na yi shiru ina karantawa, amma tun da an zo jera su a bango dole in sa baki. A sashen ido nake aiki. Malam, kana da tabarau na kariya?

Malamin Kimiyya, Gesse:
Ina da guda, mai ruwan goro, tare da shuɗin ya zo.

Anti Nas:
To wannan na shuɗi ne, wataƙila da kore. Ba lallai ya tare rawaya ba, balle hasken da ido ba ya gani. Kowane tabarau na kirki akwai lambobin da yake tarewa a rubuce a jikinsa, ka duba.

Abin da ya dame ni a zancen nan duka, kowa na lissafin kada a cuci Malam a kuɗi, ba wanda ya ce komai a kan miliwat 50. A ƙa'idar duniya, wadda ba ta wuce miliwat 1 ba ita ce ƙiftawar ido ke isa ta kare mutum daga gare ta. Amurka ta tsayar da na nuni a miliwat 5. Daga 5 zuwa 500 wani aji ne daban, mai iya ƙona tantanin bayan ido kafin ka ƙifta. Kuma wurin ba ya ciwo a lokacin. Sai daga baya yaro ya ce yana ganin baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla, ya kasa karatu da idon. Tabon da ya zauna a nan, sau da yawa sai haƙuri.

Sitikar jikinsu kuma kada ka yarda da ita ko ta wane ɓangare. A 2013 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta auna guda 122, ta tarar kusan kashi 90 cikin ɗari na korayen da kusan kashi 44 na jajayen sun saɓa ƙa'ida. Korayen masu araha sau da yawa ba a sa musu matatar da ke tare 808 da 1064 ɗin da ƙanena ya ambata. Kana ganin ɗan kore mai sanyi, alhali akwai wani haske a ɓoye yana biye da shi.

Mai Gyaran Waya:
Gaskiya ne Anti. Irin mai makulli ɗin nan da ake kira 303, yara na yawo da su lokacin Sallah, an rubuta musu lamba mai sifili huɗu ko biyar a jiki. Ƙarya ce, batir ɗaya ba zai ba da haka ba. Amma na ga wani ya fasa balan-balan da ita a gaban shagona, ka ga kuwa ta wuce miliwat 5 ɗin.

Ɗan Ƙwallo:
Ku tuna abin da aka yi wa Salah a Senegal a watan Maris na 2022, zai buga fanareti fuskarsa duk kore. Ranar da Ghana ta hana mu zuwa Qatar ce, shi ya sa ba na mantawa.

Dattijon Argungu:
Wani abu kuma, Malam, tunda kana Birnin Kebbi. Kada ka kuskura ka ɗaga ta sama da dare. Ga filin jirgi na Sir Ahmadu Bello kusa da ku, kuma haska matuƙi ba wasa ba ne, a Amurka ɗauri akai. Ban da wannan, ka san halin da ƙasa take ciki. Wani ɗan maƙwabcina yab bi dare shina wasa da kore bisa soro, ba a yi rabin awa ba sai ga 'yan sintiri bakin ƙofa, sun ɗauka alama akai ma wasu. Da ƙyar munka kashe wutar maganar.

Ɗan Kasuwar Jega:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mini yaron nan maƙaryaci ne. Kuna yanke masa hukunci bai ji ba bai gani ba.

Alaramma:
Alhaji yana da gaskiya a nan, zato ba hujja ba ne. Amma shari'a ba ta ce ka rufe ido ba. A mazhabarmu ta Malikiyya an yarda a sayar da abin da ba ya gaban mai saye in an siffanta shi, kuma in ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye na da zaɓin mayarwa. To Malam ya sa shi ya rubuta siffar ƙarara: launi kaza, lamba kaza, in ba haka ba a dawo da kuɗi. Sai dai zaɓin mayarwa na da amfani ne in ka san inda za ka samu mutumin. In ba ka san ƙofar shagonsa ba, cinikin biri a sama ka yi.

Malamin Kimiyya, Gesse:
Na gode Alaramma. Ga inda aka kwana. Shafin shekararsa uku, bai taɓa canja suna ba. Sunan asusu ya yi daidai da sunan da ya ba ni. Ya turo bidiyon da sunana a takarda, kuma rawaya ce. Amma da na tambaye shi ko 589 ce ko 593, sai ya ce "duk ɗaya ne Oga, orijinal ce." Na ce wane kamfani ya ƙera, ya ce ba a rubuta ba.

Mai Gyaran Waya:
To kayan na hannunsa ke nan. Saura a san mene ne.

Ɗalibin Aliero:
Malam, kana da wani a Kano? In akwai, gwajin bai fi na minti biyar ba. Ya nemi tsohon faifan CD irin wanda ake ɗura wa karatu, ya manna salatif a bayan ya fizge, fatar azurfar za ta tashi ta bar roba garau. Layukan da ke jikin faifan tazararsu mikromita 1.6 ce (mikromita shi ne mita ɗaya a raba ta gida miliyan), suna baza haske gwargwadon zangonsa. Ya tsaya mita ɗaya daidai daga bango, ya haska ta cikin robar. Zai ga ɗigo a tsakiya da wasu a gefe da gefe. Ya auna daga na tsakiya zuwa na farko a gefe da tef ɗin tela, ɓangaren santimita. Kore 532 zai faɗi a wajen 35, ja 650 a wajen 44, rawaya ta gaskiya a wajen 40, kuma ɗigo ɗaya tak. In haɗi ne, faifan zai raba auren, a ga kore daban ja daban. Bambance 589 da 593 kam tef ɗin tela ba zai iya ba, tazararsu ba ta kai rabin santimita ba.

Anti Nas:
Ya juya wa mutane baya in zai yi, kuma kada ya leƙa ramin don ya ga ko ta kama. Robar ma tana maido da wani hasken baya, ya kula da fuskarsa.

Malamin Kimiyya, Gesse:
Ƙanin matata na karatu a can. Zan tura shi ranar Asabar.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanin matarka? Ashe zancen zai isa gida da ƙafarsa.

Malamin Kimiyya, Gesse:
Jama'a, ga rahoto. Yaron ya je, shago na nan da gaske, ɗan ƙarami a cikin layin masu waya. Mai shagon ya karɓe shi da mutunci, har ya riƙe masa tef. Suka rufe ƙofa, aka haska. A tsakiya rawaya, a gefe kuwa ɗigo biyu, kore a 35, ja a 44 da ɗoriya. Ya ce mai shagon ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce a sake. Aka sake. Sai ya ɗauko kwalin ya nuna masa, ga 589 nan a buge. Shi ma haka aka sayar masa, guda biyar ya saro, uku sun tafi.

Ɗan Kasuwar Jega:
Kun gani ko? Na ce muku ba ɓarawo ba ne.

Mai Gyaran Waya:
Alhaji, da Malam ya tura dubu talatin ɗin fa? Ɓarawo ko ba ɓarawo ba, abin da zai sauka a tasha ɗaya ne.

Alaramma:
Kafin Asabar yana da uzuri. Daga Asabar ya sani, kuma wanda ya san aibin kayansa wajibi ne ya bayyana. A duba ko ya gyara tallar.

Mai Gyaran Waya:
Na leƙa yanzu. Ya cire 589, ya bar "orijinal". Har yanzu saura biyu.

Ɗalibin Aliero:
Malam, ni da za ka ji tawa, ka taya ta a farashin kore. Darasin haɗa launi ne a hannu, ja da kore su ba da rawaya, faifai ya raba su a gaban aji. Ba kowace makaranta ke da irin wannan ba.

Anti Nas:
A gaban aji, da abin da ba wanda ya auna ƙarfinsa? Ƙanena, ka taɓa tsayawa gaban yara sittin?

Malamin Kimiyya, Gesse:
Anti, kwantar da hankalinki, ba za ta shiga aji ba sai na samu inda ake da mitar aunawa. Na riga na taya 9,000, ya ce 15,000, muna nan muna ja. Ɗalibin Aliero, ka tambayar mini a sashenku ko akwai mitar, ko da ta aro ce. Hajiya kuma, labari ya isa gida tun daren Asabar, an ce in dubu talatin ta yi mini yawa akwai kuɗin islamiyyar yara na wata biyu.